Guzurin Mai Zuwa Karatu Ingila

Ƙannena na Tambuwal da Kebbe, da na Dogon Daji da Sanyinna da Jabo da Kuchi, maza da mata. Magana nake so mu yi a kan zuwa Birtaniya karatu, musamman tafiyar nan ta zango guda, wadda ɗalibin jami'a kan bar makarantarsa wata uku ko huɗu, ya je wata jami'a a can ya karanci tarihinsu da adabinsu da al'adunsu, sannan ya dawo ya ƙarasa digirinsa a gida. Ɗaliban Amurka da na Turai sun daɗe da sabawa da irin wannan tafiya. Mu a wajenmu ba ta yawaita ba. Yawancin namu da ke zuwa, digiri na biyu ne ke kai su, ta hanyar tallafin Chevening ko na Commonwealth ko na gwamnati. Amma ko wata huɗu za ka yi ko shekara guda, guzurin ɗaya ne, kuma ba a cikin akwati ake zuba shi ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda nake jin samari na maganar Ingila. Wasu sun ɗauke ta aljannar duniya, wasu kuma ba su ganin komai a cikinta sai ƙasar waɗanda suka ci mu da yaƙi. Duk su biyun in suka je haka za su dawo yadda suka tafi, sai dai hotuna a waya. Ni abin da nake so shi ne ku je kuna sane da ko ku su wane ne, ku karanci mutanen nan da gaske kamar yadda suka karance mu, ku rubuta abin da kuka gani, ku kawo shi gida.

Ku dubi yadda su suka zo mana. A watan Maris na 1824 Kyaftin Hugh Clapperton ya iso Sakkwato, ya sauka a hannun Waziri Giɗaɗo, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Kullum sai ya rubuta abin da ya gani: ganuwa, kasuwa, kuɗin kaya, hanyoyin fatake, inda kogi ya dosa. Ya koma da taswira da wani yanki na Infaƙul Maisuri, littafin da Bello ya rubuta a 1812. Ya sake dawowa a 1826, ajali ya riske shi a Sakkwato a watan Afrilu na 1827. Bayansa Heinrich Barth, Bajamushe mai yi wa gwamnatin Birtaniya aiki, ya zo a 1853, ya zauna a Gwandu, nan kusa da ku, ya sami kwafin Tarikhus Sudan ya duƙufa yana kwafe abin da ya iya. Da waɗannan rubuce-rubuce Turawa suka san ƙasarmu tun kafin su aiko rundunar yaƙi.

Amma abin da ya fi burge ni a labarin Clapperton shi ne Bello. Baƙon da kansa ya rubuta cewa Sarkin Musulmi ya yi masa tambayoyi a kan ƙungiyoyin Kiristocin farko har ya rasa amsa, ya ce shi ba masani ba ne a wannan fage. Ya tambaye shi labarin mamayar Indiya, da harin da jiragen ruwan Ingila suka kai wa Aljazair. Da aka nuna masa na'urar auna taurari sai ya riƙa kiran sunayensu da Larabci. A zuwansa na biyu Clapperton ya kawo masa littafin lissafi na Euclid da Larabci, Bello ya ce ai gidansu sun taɓa mallakar kwafinsa, gobara ce ta cinye shi. Mutum ne da bai taɓa taka Turai ba, amma ya san abin da zai tambaya, don yana da karatun kansa da zai auna na baƙo da shi. Wannan shi ne guzuri na farko, kuma a gida ake haɗa shi.

To, ku me kuka sani game da ƙasar da kuke takawa? A makon farko a ajin tarihi za a tambaye ka daga ina kake. In ka ce Nijeriya za a ce Legas. In ka ce a'a, Sakkwato, mai yiwuwa malamin ya gyara zama, domin Daular Usmaniyya sananniya ce a sashen tarihin Afirka na jami'o'insu, sai ya jefo maka tambaya. Abin kunya ne ɗan Tambuwal ya kasa faɗin cewa garinsu ribaɗi ne, mazaunin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Danfodiyo, malami mawaƙi kuma jarumi da ya tashi a hannun baffansa Abdullahin Gwandu. Abin kunya ne ka kasa jero hijira zuwa Gudu da yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, da Alwasa a 1805, da zaman Shehu a Sifawa, da rasuwarsa a Sakkwato a 1817. Ya kamata ka san cewa rundunar Turawan da ta fito daga Kano ta haɗu da wadda ta taso daga Argungu a Shagari, garin da kuke ratsawa duk lokacin da za ku birni, kafin a gwabza a Giginya ranar 15 ga Maris 1903. Ka san Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas har ya yi shahada a Burmi a watan Yulin shekarar, ka san wasiƙar da Waziri Buhari ya rubuta wa ma'abota ilmi yana bayyana dalilin da ya sa waɗanda suka zauna suka zauna, ka san abin da aka yi wa garin Satiru a 1906. Duk wannan wani reshe ne na tarihin Birtaniya ma, reshen da yawancin 'yan ajinka Turawa ba su taɓa jin labarinsa ba. In ka riƙe shi da kyau, ka shiga ajin da hajarka, kamar mai zuwa kasuwa da buhun albasar da ya noma da hannunsa: ana sauraronsa in ana ciniki.

Kuma ba ku ne farkon zuwa ba. Tun 1855 wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, Dorugu, ya bi Barth har Landan. Bawa ne da aka 'yanta a Borno, ba shi da digiri ko takardar sakandare. Ya zauna a Ingila tare da wani ɗan mishan mai nazarin Hausa, James Frederick Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. A ciki ya bayyana yadda Turawa ke zama cin abinci, da yadda suke sa tufafi, da jirgin ƙasa, dalla-dalla, ba tsoro ba raini. Ya dawo a 1864, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Kano. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je a 1921. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya je tare da Sarkin Gwandu Usman da Sarkin Kano Abdullahi Bayero. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya tafi cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma. Ya gana da Lugard yana tsohonsa, ya faɗa masa gaskiyar abin da ke damun talakan Arewa a ƙarƙashin tsarin da shi Lugard ya kafa, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi shekara guda a Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan daga 1945, Malam Aminu Kano ya biyo baya a 1946, ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa. Babu wanda ya daɗe a cikinsu in ka cire Dorugu. Gajeriyar tafiya ce, amma kowannensu ya dawo da abin da aka amfana da shi.

Yanzu sai abin da za ku tarar.

Ku fara da sanin cewa Birtaniya ƙasashe huɗu ne a ƙarƙashin sarauta ɗaya: Ingila, Sikotland, Wales da Ireland ta Arewa. Kada ka ce wa ɗan Sikotland Ba'ingile, ba zai ji daɗi ba. Clapperton ma ɗan Sikotland ne. In ka sami dama ka leƙa Wales, ka lura da allunan hanya, harshe biyu ne a jikinsu. Akwai zamanin da ake hukunta yaro a wasu makarantunsu in ya yi magana da harshen uwarsa, a rataya masa katako a wuya, yadda aka riƙa cin tarar wasunmu don sun yi Hausa a aji. Mutanen ba su yarda harshen ya mutu ba. Yau ana karantarwa da shi, yana da tashar talabijin tasa tun 1982. Mai Hausa da mai Fulfulde duk suna da darasi a nan.

A ajin tarihi za a kai ku 1066, shekarar da Normawa suka ƙetaro daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, suka raba filayenta a tsakaninsu, har aka yi ƙarnuka Faransanci ne harshen fada da na kotu. Su ma an taɓa mallakarsu ke nan. Za a kai ku 1215, lokacin da hakimai suka tilasta wa Sarki John sa hatimi a Magna Carta, takardar da ta ce ba a ɗaure ɗa ko a ƙwace dukiyarsa sai da shari'a. Za a kai ku 1649, da majalisa ta gurfanar da Sarki Charles na Ɗaya aka sare masa kai a bainar jama'a. In kana sauraron wannan, ka tuna cewa tambayar da suka yi ta zub da jini a kanta, wato ina iyakar ikon mai mulki kuma wa zai taka masa burki, ita ce Shehu ya yi magana a kai a Kitabul Farƙi, ita ce Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkami dominta. Ɗalibin da ya iya ɗora waɗannan littattafai kusa da Magna Carta ya nuna inda suka haɗu da inda suka rabu, ya rubuta maƙalar da babu wani a ajin da zai iya rubuta irinta.

Ina so ku daɗe a kan ƙarni na 19, don a nan ne amfanin tafiyar ya fi yawa. Landan ɗin da kuke gani tsaf a hoto, a lokacin birni ne mai ƙazanta da yunwa. Charles Dickens, wanda aka haifa a 1812, yana ɗan shekara 12 aka ɗaure mahaifinsa saboda bashi, shi kuma aka tura shi aiki a masana'antar man goge takalmi. Daga wannan ɗacin ya rubuta Oliver Twist, labarin maraya a gidan gajiyayyu da yaran da ke kwana a titi suna yankan aljihu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota da safe ya ga yara da robobi a hannu, ba sai an yi masa sharhin wannan littafi ba. Abin tambaya shi ne yadda suka fita daga ciki. Ba a dare ɗaya ba. A 1833 aka yi dokar da ta hana sa yara 'yan ƙasa da shekara 9 aiki a masaƙu, aka naɗa masu zagayawa su duba. A 1870 aka yi dokar gina makarantun firamare, a 1880 aka wajabta zuwa. Kusan shekara 50 ana ja-in-ja, marubuta na rubutu, 'yan majalisa na gardama, masu masana'antu na turjewa.

Akwai wani ɗan titi a unguwar Soho da nake so duk wanda ya je Landan ya nema, Broadwick Street. Za ka ga famfon ruwa na ƙarfe a gefen hanya, an cire masa hannu. A 1854 cutar amai da gudawa ta ɓarke a unguwar, ta kashe ɗaruruwan mutane cikin 'yan kwanaki. Kowa na cewa warin iska ne ke kawo ta. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗibar ruwa, yana rubutawa, har ya ga mace-macen sun taru a kewayen famfo guda. Ya shawo kan hukumar unguwar aka cire hannun famfon. Daga baya aka gano ramin masai na tsiyaya cikin rijiyar. Shekara 4 bayan haka, a 1858, warin kogin Thames ya hana majalisa sakat, dole aka ba injiniya Joseph Bazalgette aikin gina manyan magudanun ƙarƙashin ƙasa da har yau ake amfani da su. Ku da kuka san abin da damina ke jawowa a ƙauyukanmu in ruwa ya cika rijiyoyi, ku tsaya a gaban famfon nan ku yi tunani. Kayan aikin Snow tambaya ce da takarda da fensir.

Haka in kun je Manchester da Liverpool, ku tambayi inda dukiyar ta fito. Jiragen Liverpool sun yi jigilar bayi daga gaɓar Afirka zuwa Amurka har aka haramta cinikin a 1807, aka soke bautar kanta a mafi yawan yankunan mulkinsu da dokar 1833, kuma iyayengijin bayin aka biya diyya, ba bayin ba. Masaƙun Manchester da audugar da bayi suka noma suka bunƙasa, daga baya suka kafa ƙungiyar noman auduga a 1902 suka juyo kan ƙasashe irin namu, abin da ya kawo injinan gurzar auduga na Gusau da Funtuwa. Za a yi wannan magana a aji a fili, su da kansu suke tono ta. In an zo nan, mai yiwuwa wani ya juyo ya tambaye ka bautar da aka yi a ƙasar Hausa. Kada ka yi fushi, kada ka yi musu. An yi ta, Dorugu shaida ne, littafin Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa ma a kanta ya ginu. Wanda ke son a faɗi gaskiyar tarihin wasu, sai ya iya faɗin tasa.

Adabi kuma, kada Shakespeare ya ba ku tsoro. Ingilishinsa na shekara 400 ne, 'ya'yan Turawan ma da sharhi suke karanta shi. Kafin ku tafi ku nemi Daren Sha Biyu, fassarar da Ibrahim Yaro Yahaya ya yi, da Gandun Dabbobi, wadda Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa littafin George Orwell. In ka san labari da Hausa, Turancin zai buɗe maka. Sannan ka je gidan wasa na Globe a bakin Thames ka kalla a tsaye, tikitin tsayuwa shi ne mafi araha, za ka gane cewa don kunne da ido aka rubuta wasannin nan. Amma akwai littattafan da za su sosa maka rai. Joyce Cary ya yi aikin mulki a Borgu, kudu da ku, ya rubuta Mister Johnson a 1939, ya zana baƙin mutum kamar yaron da ba ya girma. Chinua Achebe ya ce wannan littafi na cikin abin da ya tunzura shi ya fara rubutu. Da ya jefar da shi don haushi, da ba mu sami abin da muka samu ba. Ka karanta har ƙarshe, ka ja layi a inda marubucin ya yi ƙarya da inda ya faɗi abin da ya gani, ka zo aji da hujja.

Zancen aji ya kawo ni ga abin da ya fi wahalar da namu. An raine mu da kunya, ba ma musu da malami, ba ma haɗa ido da babba, kuma tarbiyya ce mai kyau. A can kuwa za a zaunar da ku 'yan kaɗan a kewaye da teburi, an ba ku abin karantawa tun mako guda, malama ta kira sunanka ta ce me ka gani. In ka yi shiru za a ɗauka ba ka karanta ba. Ka yi magana, da ladabinka, ko da Turancinka na da ɗanɗanon Sakkwatanci. Ba lafazi ake ba maki ba. Sai kuma satar rubutu. Ɗauko maganar wani daga littafi ko intanet ba tare da ambaton mai ita ba, ko sa kwamfuta ta rubuta maka, laifi ne da ke kai ga kora. Wannan bai kamata ya zama baƙon abu ga jikokin malaman da ke jero isnadin kowane karatu ba. Abdullahin Gwandu littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don kawai ya ambaci malaman da ya ɗauki ilmi a wurinsu.

A gidan tarihi na British Museum akwai wani kuɗin zinariya ƙarami da ya kamata ku san labarinsa. Sarki Offa na Mercia, wanda ya yi mulki daga 757 zuwa 796, shi ya sa aka buga shi, an kwaikwayi dinarin Halifa Mansur na Abbasiyawa. Kalmar shahada na jikinsa da Larabci, sunan sarkin kuma da haruffan Latin a tsakiya, a kife, alamar maƙerin bai iya karanta Larabcin da yake kwafewa ba. Za ku ji masu cewa wai wannan hujja ce Offa ya musulunta. Ba hujja ba ce, sarki ne Kirista mai gina majami'u. Abin da kuɗin ke nunawa shi ne darajar kuɗin Musulmi a kasuwannin duniya a wancan zamani, kuma wannan kaɗai ya isa abin alfahari ba sai an ƙara gishiri ba. A gidan dai za ku ga kayan tagullar Benin da sojoji suka kwashe a 1897, waɗanda har yau ake neman a maido. Ku je ɗakin karatu na British Library ku dubi tsofaffin littattafai masu bangon jar fata mai laushi. Fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko, da yawanta ta jar akuyar Sakkwato ce, wadda majemanmu suka jeme, ayari ya ƙetare Sahara da ita. Akuyar da ke ɗaure a gidanku ke nan.

Wanda ke da son bincike ya ware yini guda ya je Kew, gidan adana takardun gwamnatinsu. Katin shiga kyauta ne. Ka nemi jerin da ake kira CO 446, wasiƙun Arewacin Nijeriya, a kawo maka kundi ka buɗe da hannunka, ka ga rahotannin Lugard da abin da ma'aikatan ofishin mulkin mallaka suka rubuta a gefensu. A makarantar SOAS, inda aka daɗe ana koyar da Hausa, akwai takardun Jean Boyd, matar da ta yi shekaru a Sakkwato tana tattara ayyukan Nana Asma'u. Ku tuna kuma littafin da masana suka fi dogara da shi a kan daular, wanda Murray Last ya fitar a 1967, a gaban Waziri Junaidu aka yi karatunsa. Bature ne ya zo ya durƙusa a zaure ya koya. Ba abin da zai hana 'yar Kebbe ta zauna a Kew ta rubuta yadda aka tsara haraji da iyakokin gundumomin kudancin Sakkwato, da idon wadda kakanninta suka biya harajin.

Na ce 'yar Kebbe da gangan. Iyaye, in 'yarku ta sami gurbi ta hanyar da kuka tantance, ku taimaka mata ta je. Nana Asma'u da harshe uku take rubutu, Larabci da Fulfulde da Hausa, ta kuma tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da mata. Karatun mace ba baƙo ba ne a wannan ƙasa.

Addininku kuwa ba wanda zai hana ku. Masallacin Woking tun 1889 yake tsaye, a Liverpool ma Abdullahi Quilliam, Ba'ingilen da ya musulunta, ya buɗe nasa a wannan zamanin. Yawancin jami'o'i na da ɗakin salla da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, naman halal kuma ba ya wuya a manyan birane. Abin da zai ba ku mamaki lokaci ne. A watan Disamba rana ba ta fitowa a Landan sai wajen ƙarfe 8, kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi, Azahar da La'asar da Magariba duk su same ka a tsakanin darussa. A watan Yuni kuma har bayan 9 na dare da sauran haske. Sanyin ya wuce na hunturunmu, kuma da ruwa yake zuwa. Duhun nan da kaɗaici na sa mutum baƙin ciki ba gaira ba dalili; in ya same ka, ka faɗa wa wani, kada ka kulle kanka a ɗaki. Za a gayyace ka mashaya bayan darasi, don nan ce majalisarsu ta hira. Ka ce ba ka sha, ba ka zuwa, ka gayyace su shan shayi ko cin tuwo. Yawancinsu za su girmama ka. Amma kada tsoron wannan ya sa ka ƙare zangon duka a ɗakin 'yan Nijeriya kuna kallon finafinan gida. In haka za ka yi, da ka zauna a Tambuwal ka huta da kuɗin jirgi.

Kuɗin ma sai mun yi maganarsa. Tafiyar na da tsada ƙwarai, kuma darajar naira kun san inda take. Kada a sayar da gonar gado ko shanun gida don zango guda. Ku bi ta ofishin hulɗa da ƙasashen waje na jami'arku, ko ta Usmanu Danfodiyo ce ko ta jiha, ku nemi tallafi a shafin masu bayarwa kai tsaye, ba a biyan ko kwabo don cike takardar Chevening ko Commonwealth. Ku guji dillalan da ke cewa a ba su miliyoyi su samo gurbi da aiki. Ku sani cewa bizar baƙo da ake yin gajeren karatu da ita wata 6 ce iyakarta, kuma ba a yarda a yi aiki da ita ba. Wanda ya wuce wa'adinsa ya ɓuya, ya zama mai gudun ɗan sanda, ya kuma toshe ƙofa ga ƙannensa da za su nema gobe.

Na san mafi yawan masu karanta wannan ba za su je ba, kuma ba su yi asarar rabin abin da na faɗa ba. Littattafan Clapperton da Barth da Dickens duk suna intanet kyauta, wayar da ke hannunka ta isa. Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu na nan cikin Sakkwato, gidan adana takardu na ƙasa da Arewa House na Kaduna, dattawan da suka ji labarin zuwan Nasara daga bakin kakanninsu kuma ba su ƙare ba tukuna a garuruwanku, amma suna tafiya.

Roƙona gare ku shi ne, kafin ka cike takardar neman gurbi, ka sayi littafin rubutu, ka zauna da tsohon da ya fi kowa sanin tarihin unguwarku ka cika shafukan farko da abin da ya faɗa maka. Sauran shafukan ka cika su a can, da Hausa, kowane dare. In ka dawo, ka je sakandaren da ta yaye ka, ka nemi izinin shugaban makaranta, ka karanta wa 'yan aji shida abin da ka rubuta. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya.